Facin Allo

Tun ranar da Jumare ya ce min zai hau keke ya zaga jihohi huɗu na san akwai abin da yake ɓoyewa. Mutumin da in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango ya ce ya Salamu, wai shi ne zai taka feda daga Zariya zuwa Gusau, ya biyo ta Katsina da Kano ya dawo. Haba! Ni Idi shekara talatin na yi ina gyaran keke a Ƙofar Gayan. Na san ƙafar da ke kai mutum Funtuwa, na kuma san wadda iyakarta ofis.

Jumare taubashina ne. Ubansa da mahaifiyata Delu uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka tun muna yara babu mai raga wa wani. Ni in kira shi Akawu Mai Tumbi, shi ya kira ni Baƙin Mai, wai don hannuna ba ya rabuwa da giris. Duk abin da na faɗa masa a gaban jama'a dariya ake yi, an san wasan taubasai ne. Shekararsa hamsin da uku a lokacin, yana aikin akawu a ƙaramar hukuma, kuma ban taɓa jin an ce ya yi wa wani ƙarya ba. Wannan sunan shi ne dukiyarsa, don ban da shi sai tsohon kekensa Rali da rediyo.

Wasu malaman makaranta ne suka shirya tafiyar, da kaka, shekarar tamanin da tara. Su goma sha ɗaya ne, shugabansu Malam Kabir, wani dogon malamin motsa jiki da ke zaune a Tukur-Tukur. Kwana goma sha ɗaya za su yi a hanya, duk garin da suka sauka su tara mutane su yi magana a kan guragun da ke jan jiki a ƙasa, a taimaka a sama masu keken hannu. Alhaji Jalo, mai cinikin hatsi a unguwarmu, ya ji labari ya ce duk wanda ya je ya dawo da ƙafarsa, shi zai ba da keken guragu ɗaya da sunansa. Amma Alhaji Jalo ko gero ba ya saya sai ya tauna. Ya ce ni zan duba kekunan kafin su tafi, in sun dawo in sake dubawa, sannan in tsaya a ƙofar gidansa in faɗa wa mutane wanda ya taka da wanda ya shiga mota. Da Jumare ya je ya sa sunansa na goma sha biyu, mutuncinsa ya dawo bakina ke nan.

Ana saura kwana uku a tafi ya turo Ralinsa rumfata da hantsi.

"Baƙin Mai, a sa min sabon tiyub gaba da baya. Sabo fil, wanda babu faci ko ɗaya a jikinsa."

"Na ciki me suka yi? Faci bibbiyu ne kawai, kuma ni na yi su."

"Shi ya sa. Cire su."

Na kama cirewa ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ya zauna a kan benci ya ɗauki almakashina yana jujjuyawa, can sai ya ce, "Wai da gaske ne in ka ga faci kana gane hannun da ya yi shi, ko dai cika bakin masu gyara ne?"

Nan jikina ya fara ba ni. Mai niyyar taka keke ruwa yake tambaya da wurin kwana. Wanda ya zo yana tambayar yadda ake kama mutum kuwa, wani abu yake saƙawa. Duk da haka na ba shi amsa, don abin alfaharina ne. Kowane mai faci da irin yankansa. Na tashar Funtuwa zagaye yake yi kamar kwabo. Akwai wani a Tsafe mai yanka kusurwa huɗu ya tuttula sholisho, wato gam ɗin faci, har ya zubo gefe. Na Gusau a wuta yake gasa nasa. Fatake masu keke sun daɗe suna kawo min aikin mutanen nan, na san hannunsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na ce masa, "Tiyub ba ya ƙarya, Akawu. Duk inda keke ya bi yana nan a jikinsa."

Mu a gidanmu facin allo muke yi. Babanmu ɗan malamai ne da ya bar karatu ya kama sifana yana gyaran keke, sai ya riƙa yanka robar da siffar allo, doguwa da ɗan kai a sama, wai ko a nan ne a san gidan da ya fito. Mu biyu ya koya wa, ni da ƙanena Yakubu. Yakubu bahago ne, kan allonsa kullum sai ya karkata hagu, Baba ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale shi. A lokacin da nake ba da labari rabona da Yakubu shekara goma sha huɗu. Keken wani mai kawo mana gyara ne ya ɓace a rumfa, na tsaya a gaban mutane na ce shi ya ɗauka. Ya sa almakashinsa a aljihu ya fita ta ƙofar gari. Bayan mako uku keken ya fito a hannun ɗan mai shi. Mun nemi Yakubu har Legas, babu labari. Na hana a ambaci sunansa a rumfata, mutane suka ɗauka fushi ne, alhali kunya ce ke cina.

Da na gama ɗaura tayoyin na haɗa wa Jumare ƙunshi, gwangwanin sholisho da roba da sanfefa da ƙarfen cire taya. Ya turo min da shi.

"Nauyi ne."

"Nauyi? Tumbin nan bai yi maka nauyi ba sai gwangwanin da bai kai ƙwai ba? Hanyar Kaura Namoda duk tsidau ce, ƙayar nan da ke kwance a ƙasa tana jiran taya. Ba za ka yi mil goma ba ka yi faci ba."

"In na yi akwai masu gyara a hanya. Ko kai kaɗai Allah ya ba sana'ar?"

Ya hau ya tafi yana kaɗa min ƙararrawa. Na tsaya da ƙunshin a hannu na ce a raina, shi ke nan, wanda ya ƙi ɗaukar kayan faci bai yi niyyar tayarsa ta taɓa titi ba.

Ran Asabar da sassafe suka taru a ƙofar gidan Alhaji Jalo, kowa da farin ƙyalle mai rubutu a bayansa, wata akori-kura na biye da su da ruwa da tabarmi. Inna, wato mahaifiyata, ta sa aka jawo ta har zaure don ta sa wa ɗan yayanta albarka, ga shi idonta ya yi rauni ko fuskarsa ba ta gani sosai. Suka nufi Ƙofar Doka. Jumare ne a ƙarshe, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba, yana huci tun ba a bar unguwa ba.

Labarinsu ta bakin direbobin tasha yake iso mana. Sun kwana Funtuwa, Akawu ya iso bayan kowa da awa biyu amma ya iso. Sun wuce Tsafe. Sun shiga Gusau. Wallahi har na fara jin nauyin abin da na saƙa a raina. Sai ran Alhamis wani direban Gusau ya tsaya a rumfata ya ce an tashi a Kaura Namoda ran Laraba babu Jumare babu kekensa.

Ba zan ɓoye ba, ranar ban ci abinci ba. Na rufe rumfa na zauna ina tunanin hanyar nan da daji da zafin rana da mutum mai hawan jini shi kaɗai. Uwa, matarsa, ta aiko sau uku ko na ji wani abu. Na yi niyyar in Asabar ta yi babu labari zan shiga mota in bi sawu.

Asabar ɗin kuwa labari ya zo. An ga Jumare. A ina? A Katsina, ran Juma'a, zaune a inuwa kusa da masallaci yana jiran 'yan'uwansa, rigarsa a wanke. Ya riga samari goma sha ɗaya isa! Duk tsoron da na kwana biyu da shi ya juye ya zama fushi. Ni ina nan ina hana cikina tuwo, ashe shi yana can saman mota iska na kaɗa shi.

Ran Talata bayan azahar suka shigo gari, mata na guɗa ta kan katanga. Alhaji Jalo ya sa aka kulle kekunan duka a sitonsa na hatsi ya sa makulli a aljihu, ya ce gobe bayan la'asar a hallara. Ba a jima ba sai ga Malam Kabir a rumfata, ya rame, leɓensa duk ya tsage.

"Malam Idi, ni ba na son shiga tsakanin 'yan'uwa," in ji shi, "amma gara ka ji daga bakina. A Kaura ya bar wa direbanmu saƙo wai mu wuce zai same mu. Mu muka bi titi ta Zurmi da Jibiya, muka isa Katsina kamar an tono mu daga rami. Shi muka tarar da kekensa a wanke, sarƙa na ƙyalli, birki sabo. Kuma wani kwandasta ya ce min ya ga keke irin nasa a saman lodin albasa."

"Kun tambaye shi?"

"Ni da kaina, har sau biyu. Ya ce ba zai iya faɗa ba. To mu da muka sha wahala fa? In aka ce ɗaya ya yi coge, gobe wa zai yarda da sauran?"

Da safe na tafi gidan Jumare. Na same shi a zaure ya tsoma ƙafafunsa a daron ruwan ɗumi, sun kumbura suntum. Ya yi baƙi, tumbin ma ya sauka. Na gani sarai, amma na ce a raina ai saman mota ma rana na dukan mutum.

"Akawu, ina ka shiga kwana biyu?"

"Ko sannu da zuwa ba za ka yi min ba?"

"Sannu da zuwa. Ina ka shiga?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba ka so?"

"Na yi rantsuwa."

"Wa ka yi wa? Direban albasa?"

Ya yi 'yar dariya ya motsa ƙafarsa a cikin ruwa. Dariyar nan ta ƙara ƙona min rai, amma na danne na sassauta murya.

"Ka ji ni da kyau. Yau bayan la'asar zan tsaya a gaban mutane. In mota ka shiga, faɗa min yanzu, in je in sami Alhaji mu biyu in ce ciwo ne ya kama ka, a cire sunanka a rufe maganar. Gajiya ba laifi ba ce, kowa ya san shekarunka."

Ya ɗebi ruwa ya zuba a ƙafarsa.

"Aikinka duba keke ne, Idi. Je ka duba keke."

Na fito ko sallama ban yi ba. Na zo in rufa wa mutum asiri, shi kuma yana aika ni aikina.

Bayan la'asar ƙofar gidan Alhaji Jalo ta cika. An shimfiɗa wa dattawa tabarmi, Alhaji na kan kujerarsa, guragu biyar ko shida da suka ji labari sun zo sun yi layi a gindin katanga. Aka fito da kekunan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Taya ta cinye, sarƙa ta miƙe, robar birki ta suɗe, na buɗe tiyub ga faci uku, huɗu, na Funtuwa, na Gusau, na hanyar Kano. Kowanne na duba sai in ce ya taka, mutane su yi kabbara. Har goma sha ɗaya.

Aka turo Ralin Jumare. Na juya tayar gaba, tana tafiya sumul babu ko lanƙwasa. Na taɓa sifok, wato wayoyin taya, duk a ɗaure tamau. Na matsa birki, sabo. Sarƙa ta sha mai kamar yau ta fito daga shago. Keken da na sallama da hannuna ya dawo ya fi yadda ya tafi kyau! Na ɗaga kai na ga Jumare a gefen tabarma yana kallona hankali kwance, kai ka ce ba shi ake magana a kai ba. Nan zuciya ta ɗebe ni, ban ko kwance taya ba.

"Alhaji, wannan keken mota ya hau."

Aka fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Taubasai kun fara ko?" Har Alhaji Jalo sai da ya murmusa. Da na yi shiru a nan da shi ke nan, an bar shi a wasa. Amma ina! Na ɗaga murya.

"Ba wasa nake yi ba. Na ajiye taubasantaka a gefe. Mutumin nan ya ɓace a Kaura ya ɓullo a Katsina, ya ƙi faɗin inda ya shiga. Ya ƙi ɗaukar kayan faci tun daga nan don ya san ba zai buƙata ba. Ƙarya ya yi mana, kuma da sunan bayin Allah nan da ke zaune a ƙasa ya yi ta."

Na ga Malam Kabir ya sunkuyar da kai. Jumare bai tashi ba, bai ɗaga murya ba.

"Ka gama?" in ji shi. "To buɗe tayar baya."

Na kifa keken da ƙarfi har ƙararrawa ta yi ƙara. Na sa ƙarfe na ɓalle taya, na zura hannu zan jawo tiyub, sai wani abu ya soke ni a yatsa. Tsidau. Na shafa cikin tayar, ƙaya ce birjik ta karye a ciki. Na jawo tiyub ɗin na shimfiɗa a gwiwata. Faci goma sha bakwai. Ga kwabon Funtuwa. Ga na Tsafe da sholishonsa ya zubo. Ga gasasshen Gusau. Sauran na ƙauye ne da ban san hannunsu ba, an yanka da reza a karkace, wani wuri ma zare aka ɗaure hujin da shi, irin wanda ake yi a inda ko mai faci babu. Wannan keken bai ga saman mota ba. Titi ya bari ya yanki daji.

Na ci gaba da juya tiyub ɗin don in sami abin faɗa. Da na zo kusa da bawul, inda ake sa iska, sai hannuna ya tsaya.

Allo uku a jere. Dogaye, da 'yan kawunansu a sama, kowane kai ya karkata hagu.

Na goga da babban yatsa ko idona ne. Suna nan. Sabbi ne, sholishon ko launi bai canza ba. Kuma tiyub ɗin nan ni na sa shi da hannuna, sabo fil, babu faci ko ɗaya. Sai a lokacin na gane wanda ya wanke keken, ya ɗaure sifok, ya sa sabon birki. Haka yake tun muna rumfa ɗaya, ba ya iya barin keke ya fita daga hannunsa da datti.

"Malam Idi," in ji Alhaji Jalo, "kai muke jira."

Na miƙe da tiyub ɗin a hannu.

"Ya taka, Alhaji. Duk nan babu wanda ya kai shi takawa. Ni ne na yi ƙarya."

Aka hau salati ana kallon juna. Alhaji ya ce to kekuna goma sha biyu ke nan, guragun nan suka ɗaga hannu suna addu'a. Jumare kuwa ya dafa bango ya miƙe, ya sa takalmansa ya tafi yana ɗingishi. Bai kalle ni ba, kekensa ma a kife ya bar shi.

Na naɗe tiyub ɗin na sa cikin riga na wuce ɗakin Inna. Na ɗora yatsunta a kan facin. Ta shafa na farko, ta shafa na biyu, ta koma ta sake shafa na farkon.

"Wannan karkataccen kan," in ji ta. "Yana raye ke nan."

Ta riƙe robar a ƙirjinta tana hawaye, ni ma ina yi. Da ta natsa sai ta ce, "Kai kuma me na ji ka faɗa wa ɗan yayana a gaban mutane? Idi, sau nawa za ka yi wannan?" Na tashi na fita.

Washegari na sa wa Ralin sabon tiyub na tura shi har zauren Jumare. Yana nan da daronsa.

"Malam Idrisu," in ji shi, "an tashi lafiya? Ya iyali?"

Wallahi da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Shekara hamsin bai taɓa kirana da cikakken sunana ba. Na jingine keken na durƙusa a gabansa, ni da na girme shi da shekara biyu.

"Ka yafe min don Allah."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya faɗa ne kamar yadda ake faɗa wa baƙo. Na zauna a ƙasa na ƙi tashi. Da ya ga ba ni da niyyar tafiya sai ya yi ajiyar zuciya.

"Abin da ya faru kafin rantsuwa zan iya faɗa maka. Bara a kasuwar Sabon Gari na ga wani mai albasa ya ɗaure buhunsa da tsohon tiyub, ga facin allo a jiki, kai a hagu. Na tambaye shi, ya kwatanta min wani ƙauye can bayan Kaura. Shekara guda ina tunanin yadda zan yi. In na je a mota, daga nesa za a san nema na zo, mutum ya sulale ta bayan gida. Amma mai keke da ya yi faci, babu mai gyaran da ke korarsa. Sai ga tafiyar malaman nan ta zo."

"Me ya hana ka gaya min tun farko?"

"Kai? Ai cewa za ka yi ƙarya nake yi."

Na haɗiye wannan, don na ci a faɗa min.

"Yana lafiya? Yana da iyali? Ya ambace ni?"

"Ni ban ce na ga kowa ba. Mai faci na gani. An sa ni na rantse ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi gari ba, kuma ba zan faɗa ba."

Na sunkuyar da kai. To ashe ba ya son a same shi. Shekara goma sha huɗu ba su isa ba, kuma wa zai ga laifinsa? Na yunƙura zan tashi sai Jumare ya ce, "Tsaya in tambaye ka, tunda kai ne mai karatun tiyub. Wanda ya kwance tayar nan, zai gane wanda ya ɗaura ta?"

"Daga ɗaurin sifok ma zai gane. Hannun Baba ne."

"Zai san hannun da za ta koma?"

"Zai sani."

"To in ba ya so a gane shi, yanka zagaye ne ya gagare shi? Huji ɗaya na kai masa, Idi. Ɗaya tak."

Allo uku. Ɗaya a kan huji, biyu a kan lafiyayyar roba inda babu abin da ya same ta. Ni da nake cika baki ina karanta tiyub, na riƙe shi a gwiwata jiya ban lura ba. Na rufe fuskata da hannu na yi kuka a zauren mutane kamar ƙaramin yaro, Jumare ya bar ni har na gama.

Ya fitar da ƙafarsa ɗaya daga ruwa ya duba kumburin.

"Hutuna bai ƙare ba," in ji shi. "Asabar ta sama, in ƙafar nan ta saɓe, ina jin zan sake yin faci a wajen Kaura. Ban ce kowa ya biyo ni ba. Hanya kuma ba ta ubana ba ce."

"A keke?"

"A keke mana. In dai ƙafarka za ta kai Funtuwa, Baƙin Mai, don ni ban taɓa ganin ka wuce Tudun Wada ba."

Ran Asabar ɗin da sassafe na fito da kekena na sa masa sabon tiyub gaba da baya. Inna ta ba ni ƙullin dakuwa, ba ta ce na wane ne ba. Har na ɗaure ƙunshin kayan faci a kariya, don hannu ya saba, sai na ji ƙararrawar Jumare a bakin titi. Na kwance ƙunshin na ajiye a kan benci, na rufe rumfa na bi bayansa.